Baƙuncin Makiyaya a Amurka da Hutun Ƴaƴanmu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya shayar da ita, ya kuma hore wa ɗan Adam dabbobi, yana hawan wasu, yana shan nonon wasu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyaye maza da mata masu karanta wannan mujalla, duk shekara idan aka rufe lakkol a ƙarshen watan Yuni, tambaya ɗaya ce take shiga gidajenmu na birni: me za a yi da yara har zuwa watan Oktoba? Wata uku lokaci ne mai tsawo a rayuwar yaro. Yana isa ya haddace izu guda, yana kuma isa ya koyi zaman bakin titi. Makarantar allo tana ɗaukar safiya da maraice, amma tsakanin hantsi da la'asar talabijin da wayar hannu ne suke rainon yawancin ƴaƴanmu. Wannan damuwa ce ta sa muka ga ya kyautu mu ba ku labarin wata al'ada ta mutanen wata ƙasa mai nisa, domin hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta ya ɗauka.

Yadda abin ya faro

A yammacin Amurka, a jihohi irin su Montana da Wayomin da Kolorado, akwai gandayen kiwo masu faɗin gaske waɗanda suke karɓar baƙi. Mutumin birni yana biyan kuɗi, sau da yawa dubban dalar Amurka a mako guda, domin a ba shi ɗaki na katako da doki, a kuma bar shi ya bi makiyaya aiki. Wanda ya fara jin wannan a cikinmu yakan yi dariya, ya ce ashe akwai mai sayen wahala da kuɗinsa. Amma idan aka bi asalin abin, za a ga yana da ma'ana.

A shekarar 1879 wani saurayi mai suna Howard Eaton ya bar birnin Pittsburgh ya kafa gandun kiwo kusa da inda garin Medora yake a yankin Dakota, daga baya ƴan'uwansa biyu, Willis da Alden, suka same shi. Suna rubuta wa abokansu wasiƙu suna ba su labarin daji da farauta, sai abokan suka fara zuwa gani da ido. Wanda ya zo da niyyar mako sai ya yi wata, yana ci yana sha yana hawan doki, masu gida kuma kunya ta hana su magana. A shekarar 1882 wani baƙo daga birnin Buffalo ya lura da nauyin da suke ɗauka, ya nace sai ya biya kuɗin abincinsa da hawansa, domin ya zauna iya son ransa ba tare da ya zama kaya a wuyan kowa ba. Daga wannan baƙo ake ƙirga farkon sana'ar.

Shekaru kaɗan bayan haka, a hunturun 1886 zuwa 1887, aka yi wani sanyi mai tsanani wanda ƙanƙara ta rufe ciyawa wata da watanni, shanu suka mutu garke garke, kamar yadda iyayenmu suke ba da labarin farin 1973 da na 1984. Ƴan gidan Eaton sun yi asarar mafi yawan shanunsu, kuma kuɗin baƙi ne ya riƙe gidan. A 1904 suka ƙaura zuwa gindin duwatsun Bighorn a Wayomin, inda gandun yake karɓar baƙi har yau. Da sana'ar ta yaɗu, masu ita suka taru a garin Bozeman na Montana a 1926, tare da kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific wanda yake kawo musu baƙin, suka kafa ƙungiyarsu.

Cikin waɗanda wannan daji ya yi wa tarbiyya har da Theodore Roosevelt. Ya fara zuwa Dakota a 1883 domin farautar ɓauna. A ranar 14 ga Fabrairu 1884 mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya, rana ɗaya, sai ya koma can ya zauna cikin makiyaya yana kiwon shanu har baƙin cikin ya lafa. Ɗan masu kuɗi ne wanda ya tashi da ciwon asma, amma ya dawo da jiki mai ƙwari. Da ya zama shugaban ƙasa, daga 1901 zuwa 1909, ya keɓe dazuzzuka masu yawa domin kada a ƙarar da su.

Yadda mako yake tafiya

Ranar da baƙo ya sauka, ana tambayarsa ko ya taɓa hawa, a duba nauyinsa da shekarunsa, sannan a zaɓa masa doki ɗaya wanda zai riƙe har ya tafi. Hikimar haka ita ce mahayi ya san halin dabbarsa, dabbar ma ta san hannunsa. Ana koya masa yadda ake tunkarar doki ba ta baya ba, da goge masa jiki, da ɗaura sirdi, da sa linzami ba tare da an ji wa bakinsa ciwo ba. Da sassafe ake fita kilisa, a dawo cin abinci, a sake fita da yamma. Mai koyo yana tafiya sannu a bayan jagora, wanda ya iya kuma a bar shi ya yi sassarfa da sukuwa. A wurare da yawa ana ba dawakin hutun yini guda a mako. Abinci kuwa a teburi ɗaya ake cinsa, mai gida da baƙi da yara, kuma ɗakunan kwana da yawa ba su da talabijin, da gangan.

A gandayen da kiwo ne ainihin sana'arsu, baƙo yana shiga aiki sosai. Yana taya kora shanu daga wannan makiyaya zuwa waccan, da neman maraƙin da ya ɓace a kwazazzabo, da gyaran shingen waya, da ɗaukar ciyawar da aka yanka domin hunturu. A lokacin da ake yi wa maruƙa allura da tambari, har da shi ake riƙe su. Yara ƙanana kuma ana ba su ciyar da ƴan tumaki da tsintar ƙwai.

Abu na uku shi ne kallon namun daji. Da yawa daga cikin waɗannan gandaye suna kewaye da gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872. A can ana ganin ɓaunar Amurka mai tozo, da manyan bareyi masu ƙaho kamar rassan itace, da gaggafa, da dabbar nan mai ƙarfi da Larabawa suke kira dubbu. Ɓaunar nan a da miliyoyi ce, amma aka yi ta harbinta domin fata, da kuma domin a karya ƙabilun da suka dogara da ita, har kafin 1890 ba ta kai dubu ɗaya ba a daji. A Yellowstone wajen ashirin da ƴan kai suka rage a farkon ƙarni na 20, yau kuma ana ƙirga su da dubbai. Kyarkeci ma, wanda aka ƙarar, an maido shi a 1995, kuma har yanzu makiyaya suna kuka da shi domin yana kama musu maruƙa. Dokar wurin ta hana mai kallo ya matsa kusa da ɓauna fiye da kimanin mita 23, kyarkeci da dubbu kuma mita 91.

Ba duk abin da ake yi a can ne ya dace da gidan Musulmi ba. Akwai giya da naman alade a teburin, akwai raye-rayen dare na maza da mata. Kuma adalci ya sa a faɗi cewa filayen nan na ƙabilun Lakota da Cheyenne da Crow ne kafin a raba su da su da ƙarfin bindiga, abin da finafinan kaboyi da muka kalla muna yara ba su nuna yadda yake ba. Wani abin da finafinan suka ɓoye shi ne, kaboyi ya gaji sana'arsa daga makiyayan Meksiko, su kuma daga Sifaniyawan da suka shigo da dawaki a 1519. Kalmar jinete, wadda Sifaniyawa suke kiran mahayi da ita, ta fito ne daga sunan Zanata, ƙabilar Barbar ta Magrib wadda mahayanta suka yi suna a Andalus. Ashe hawan da ake sayarwa a Wayomin yana da jijiya a wannan nahiya tamu.

Me suke saye?

A shekarar 1900, kusan mutum huɗu cikin goma na ma'aikatan Amurka a gona suke. Yau iyalan manoma da makiyaya ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Ma'ana, akwai miliyoyin yara waɗanda ba su da kaka ko kawu a ƙauye, ba su da gidan da za su je su ce nan ne asalinmu. Wanda ya sami hali a cikinsu shi ne yake biyan kuɗi domin ɗansa ya taɓa hancin maraƙi, ya ga taurari inda babu lantarki, ya kwanta da gajiyar aiki. Abin da gadon gida ya daina ba su, shi suke nema a kasuwa.

Mu kuwa a Nijar, kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a da noma da kiwo suke rayuwa. Da wuya a sami gida a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wanda ba shi da gona da dangi a wani ƙauye. Babban hutun lakkol kuma ya faɗo daidai da damina, daga noman farko zuwa bakin girbi. Abin da wancan yake tara kuɗin shekara domin ya samu na mako guda, mu Allah ya ajiye mana shi a ƙarshen tafiyar ƴan awoyi a mota. Sai dai ƙofar tana ƙara ƙunci. Ana samun yaro ɗan shekara goma sha biyu a birni wanda bai iya bambanta hatsi da dawa a gona ba, wanda yake ƙyamar ƙwaryar kakarsa, wanda idan an ce masa baƙauye yake ji kamar an zage shi. Idan tsofaffin da suka san mu a ƙauye suka kau, ƴaƴanmu da ƴaƴansu ba su san juna ba, to zumunci ya yanke, gonar gado kuma ta zama abin shari'a tsakanin mutanen da ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wannan tarbiyya tana da asali a addininmu tun kafin a san Amurka. Ƙuraishawa sun kasance suna aika jariransu ƙauye domin su sha iska mai kyau, su tashi da ƙarfin jiki da fasahar harshe, kuma a haka ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi shekarunsa na farko a hannun Halimatus Sa'adiyya cikin Banu Sa'ad. Da ya tasa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, kuma ya tabbata a hadisi cewa duk annabawa sun yi kiwo. Malamai sun ce hikimar ita ce, wanda ya yi haƙuri da dabba mai rauni, ya nemo wadda ta ɓace, ya jira gurguwa, shi ne zai iya haƙuri da mutane. A duba kuma sunayen surorin Alƙur'ani: Baƙara, An'am, Nahl, Naml, Ankabut, Fil. Yaron da yake karanta su a allo bai taɓa tsayawa ya kalli tururuwa tana jan ƙwayar hatsi ba, karatunsa da sauran aiki.

Mu da muka tashi a zauren malam, tsakanin allo da lakkol, an yi mana wannan gata. Da an ba da hutu ake haɗa mu da buhun shinkafa da sukari da sabulu a tura mu wajen kawunnai. Bayan sallar asuba da karatu, kowa ya saɓa hauyarsa. A ranar farko hannu yakan yi kanta, ƴaƴan kawu suna dariya, a mako na uku kuma sai ka ga kana gama kunyarka tare da su. Akwai wata goɗiya a turken gidan wadda ita ce ta koya mana abin da ba mu samu a littafi ba. Idan ka zo mata da tsoro ta sani, idan ka zo da gaggawa ta ƙi tsayawa, idan kuwa ka wuni kana yanko mata ciyawa, ka ba ta dusa da kanwa, ka kai ta ban ruwa, da kanta take sunkuyar da kai a sa mata ragama. Kawu yakan ce, “Ɗana, wanda bai ciyar ba ba ya hawa.” Ƴan'uwanmu mata kuma suna wajen inna suna koyon tatsa da kaɗa nono da tsinkar tafasa da yaɗiya. Furar da aka kawo mana gona da rana tsaka, a ƙarƙashin gawo, har yau ba mu sha wadda ta kai ta daɗi ba.

Namun dajinmu

Ta fuskar namun daji ma Allah bai bar mu hannu wofi ba. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ake samun raƙuman dawa na ƙarshe na irin Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka hana harbinsu, mutanen yankin kuma suka yarda su zauna da su, sun haura 600 kafin 2020, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji domin su hayayyafa a can. Zaman bai rasa tsada ba, domin raƙumin dawa yana shiga gonar wake yana cin mangwaro, kamar yadda kyarkeci yake ɓarna ga makiyayin Montana. Abin da yake sanyaya ran manomi a duka wuraren biyu shi ne ya ga dabbar tana jawo wa garinsu wani amfani. A ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da jagora, daga nan baƙin waje suka ɗauke ƙafa. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, shi ma rashin tsaro ya shafe shi. Saboda haka ba ma ba kowa shawarar ya kai iyalinsa inda hukuma ta hana ko inda mutanen wurin da kansu suke tsoro. Amma kallon halittar Allah bai tsaya ga raƙumin dawa ba. Shamuwa da take zuwa da albishirin damina, da zabin daji, da bushiya, da damo, da belbela a bayan shanu, duk suna nan a bayan garin kowannenmu.

Haƙƙin mai masauki

A nan ne labarin baƙon nan na 1882 ya fi shafarmu. Shari'a ta sanya haƙƙin baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu yake ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tiya kuma tana tsada a kasuwa. Ɗan'uwanka na ƙauye ba zai taɓa ce maka ƴaƴanka sun yi masa nauyi ba. Zai ci bashi ya ciyar da su, ya yanka musu zakaran da ya ajiye domin lalura. Ba mu ce a biya shi kamar mai otel ba, domin wannan cin fuska ne a al'adarmu. Abin da muke cewa shi ne, abincin yaran ya riga su isa, ya kuma fi abin da za su ci, domin ƴaƴan gidan su ma su shaida cewa zuwan ƴan birni alheri ne.

Sai kuma lafiya. Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, don haka kowane yaro ya tafi da gidan sauronsa, a kuma san likitar da ta fi kusa. A ja musu kunne game da wanka a tafki da taka ciyawa ba takalmi. Kada a ɗora ƙaramin yaro a kan ingarma. Jaki ko tsohuwar goɗiya sun ishe shi koyo, babba yana riƙe da ragama. A koya musu cewa dabba tana da haƙƙi: Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata tambari a fuska, kuma gwamma yaro ya ji wannan yana tsaye kusa da jaki da bulala a hannunsa, a ranar zai fi shiga kansa. A haɗa su da malamin garin domin kada karatu ya tsaya. A kuma gaya wa kawu a fili cewa ba a kawo su domin a shimfiɗa musu tabarma a inuwa ba, a ba su aiki daidai ƙarfinsu kamar ƴaƴan gida.

Wanda garinsu ba ya shiguwa saboda halin tsaro, ko wanda ba shi da kowa a ƙauye, bai rasa hanya ba. Akwai gonaki da garake a gefen kowane birni, akwai maƙwabcin da zai yi murna da ƙarin hannu ranar gayya. Ko ɗan rago guda da aka damƙa wa yaro ya yi kiwonsa har layya, ko jar akuyar Maraɗi da aka ce ta yarinya ce, makaranta ce. Uban da yake da hali kuma ya daure ya ɗauki ko da kwana uku ya raka su, domin yaron da ya ga babansa ya tuɓe babbar riga ya kama hauya ba zai sake raina manomi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ƙarfafa zumunci tsakanin na birni da na ƙauye. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.